Peugeot ta yi alkawarin daina hayaƙi a Turai, mu fa a Kaduna?

Baban Hanifa:
Assalamu alaikum jama'a. Jiya da yamma na biyo ta Kakuri, na wuce ƙofar tsohon kamfanin Fijo, sai wata magana da na daɗe ina juyawa a raina ta taso. Uwar kamfanin da ke riƙe da Peugeot yanzu sunanta Stellantis. A 2021 aka kafa ta, lokacin da masu Peugeot da Citroën suka haɗe da masu Fiat da Chrysler da Jeep. A watan Maris na 2022 suka fito suka ɗauki alkawari a gaban duniya: kafin 2030 za su zaftare rabin iskar kabon da harkarsu ke jawowa, zuwa 2038 kuma abin da suke fitarwa da abin da suke kwashewa daga sararin sama zai zo daidai wa daida. Hanyar da suka zaɓa ita ce lantarki, domin mafi yawan hayaƙin kamfanin mota ba daga masana'anta yake fita ba, daga salansar motocin da ya sayar ne. Suka ce zuwa 2030 duk ƙaramar motar da za su sayar a Turai mai batir ce zalla, a Amurka kuma rabi. Har masana'antar batir suka buɗe da abokan hulɗarsu a arewacin Faransa a 2023.

To ga abin da ke damuna. Wannan kamfanin dai yana da hannu a masana'antar da Dangote ya kafa a hanyar Abuja, wadda ta fara haɗa motoci a 2022, irin su 301 da 3008, masu shan fetur. Shin alkawarin nan da mu a ciki, ko na Turawa ne su kaɗai? Ina so masu sani su yi mana bayani.

Direban Kawo:
Wa alaikumus salam. Malam, kafin a yi nisa, ina wutar? Ka manta Oktoban 2024 da Arewa ta fi mako guda cikin duhu? Ni Kano nake zuwa kullum da Sharon. Da a ce ta caji ce, me zan ba yara su ci a kwanakin nan?

Baba Tsohon Kakuri:
Baban Hanifa, Allah ya yi maka albarka, ka taɓo inda na yi ƙuruciyata. A 1975 aka fara haɗa mota a wurin nan, zamanin Janar Gowon. Da farko ma ta jirgin sama ake kawo kayan daga Faransa a sauke a Kano, sannan a loda a manyan motoci zuwa Kaduna. Wanda bai ga Kakuri a lokacin tashi daga aiki ba, bai san Kaduna ba. Ga mu, ga 'yan masaƙu, titi ya cika da kekuna da masu abinci, sai ka yi da ƙyar ka ratsa.

Abin da zan gaya muku shi ne, tambayar da ka yi ba sabuwa ba ce. Faransa ta daina ƙera 504 tun 1983, mu kuwa muka ci gaba da haɗa ta a nan sama da shekara 20 bayan haka. Ba kuma cutarmu aka yi ba, motar ta dace da mu. Tana da tsayi, tana da ƙashi, ta sha ramuka daga nan har Birnin Gwari ta dawo, kuma ko a ƙauye ta tsaya za ka sami mai gyara ta. Gidaje da yawa da ita aka gina su, har da wanda nake zaune a ciki. Amma darasin da na ɗauka shi ne, abin da suka bari a can yakan yi shekaru yana tafiya a nan. Don haka in sun daina injin fetur a Turai, kada kowa ya yi tsammanin washegari za a daina a Kaduna.

Tsorona ɗaya ne. Motar lantarki ba ta da giya mai hawa biyar, ba kuloci, ba fulogi, ba salansa, ba juyen baƙin mai. Hannuwan da ake buƙata wajen haɗa ta sun ragu. In ba mu shiga tun yanzu ba, jikokinmu masu saye kawai za su zama.

Injiniya Mando:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Bari in sa lissafi a maganar, don kowa ya ga inda gaskiyar Direba take da inda ta tsaya.

Duk litar fetur ɗaya da aka ƙona tana fitar da kabon wajen kilo 2.3, dizal kuma wajen 2.7. Mu ɗauki motar da ke shan lita 8 a kilomita 100, wato kaɗan ya fi nan da Zariya. Ta fitar da kilo 18 ke nan da 'yan kai. Motar lantarki mai irin girmanta za ta ci kamar yunit 18 na wuta a wannan tafiyar. Wutar layinmu galibi daga gas take, sauran daga ruwa: Kainji, Jebba, Shiroro, da Zungeru mai megawat 700. In aka haɗa, yunit ɗaya bai wuce rabin kilo ba. Kilo 9 ke nan, an rage rabi. Wajen kuɗi ma haka. A layin Band A, na masu samun wuta mafi yawan awanni a rana, yunit ya ɗan haura naira 200, yunit 18 bai kai 4,000 ba. Fetur kuwa in ka sayi lita a 900, lita 8 ta tashi 7,200.

Amma ga inda gizo ke saƙar. In wuta ta ɗauke ka tayar da ƙaramin janareta don ka yi caji, lita ɗaya da ƙyar take ba ka yunit 2. Yunit 18 zai cinye maka lita 9. Ka ƙona man da ya fi wanda motar fetur za ta sha, hayaƙin kuma a tsakar gidanka, kusa da tagar ɗakin yara. Shi ya sa nake cewa motar lantarki ba ta da tsarkin kanta, tsarkin wutar da aka ba ta take ɗauka.

Direban Kawo:
To ai ka ga maganata ta fito, Injiniya.

Injiniya Mando:
Rabinta ta fito, Alhaji. A kan Sharon ɗinka da doguwar hanya ina bayanka. Ita kanta e-208, motar lantarkin da Peugeot ta fitar a 2019, batirinta yunit 50 ne, a takarda tana yin kilomita 340. Za ta kai ka Abuja, amma ba za ta dawo da kai ba sai an yi caji. A soket na gida kusan kwana da yini za ta yi kafin ta cika. Wurin caji mai sauri da ke kai batirin kashi 80 cikin 100 a rabin awa kuma, shi kaɗai yana jan abin da gidaje da yawa ke ja, sai an ba shi taransifoma tasa. Ƙasar da duk wutar da take rabawa ba ta cika wuce megawat 5,000 ba, ba ta nan za ta fara ba. Sai dai ba Sharon kaɗai ke hawa titi a garin nan ba. Zan dawo kan wannan.

Maman Sadiq:
Ni ban iya lissafin kilo ba, amma na san abin da nake shaƙa. Ɗana yana da asma. Duk ranar da na bi da shi ta Babbar Kasuwa ko Ahmadu Bello Way da yamma, ga Keke Napep a jere, ga tsofaffin bas suna tuƙa baƙin hayaƙi, ga janaretocin shaguna, to daren nan ba mu barci. In hunturu ya shigo da hazo kuma abin sai addu'a. Ana ta maganar dumamar duniya da shekarar 2038. Ni yau nake so yarona ya yi numfashi. Ku gaya mini, in an koma lantarki wannan zai ragu ko ba zai ragu ba?

Injiniya Mando:
Allah ya ba Sadiq lafiya, Hajiya. Zai ragu, kuma nan take. Hayaƙi iri biyu muke haɗawa a magana. Akwai kabon, ba ya wari, ba a ganinsa, shi ne ke taruwa a sama yana riƙe zafin rana. Akwai kuma baƙin toka da gubar da ke fita tare da shi, su ne ke shiga huhu. Kamfanoni kabon suke ƙirgawa saboda shi doka ke cin su tara a kai a Turai. Abin hawan lantarki kuwa ba shi da salansa sam, don haka ko da gas aka samar da wutar, hayaƙin yana can tashar wuta, ba a hancin yaro a kasuwa ba.

Makaniken Panteka:
Hajiya, ki yi haƙuri, mu ma muna da laifi a ciki, ba zan ɓoye ba. Akwai abin da muke kira indomi a cikin salansa, shi ke tace gubar kafin ta fita. Yana da ƙarafa masu tsada a ciki, shi ya sa ake sayensa. Wasu motocin tun kafin su baro Kwatano an yashe shi. Wasu kuma mai motar ne da kansa zai ce a cire masa ya karɓi kuɗin, ko ya toshe ya ce ba shi da halin sabo. Na cire da hannuna ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Da na ji maganar yaronki wallahi jikina ya yi sanyi.

Maman Sadiq:
Na gode da ka faɗi gaskiya, Oga. Allah ya sa ka daina.

Ɗalibar Poly:
Iyayena, ku ba ni dama in sa baki. Ina ganin tambayar Baban Hanifa ba a amsa ta ba tukuna. Hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto a 2020, ta ce tsakanin 2015 da 2018 an fitar da tsofaffin motoci miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kuma kashi 40 cikin 100 Afirka aka kawo su. A 2023 Tarayyar Turai ta kafa dokar da ta sa 2035 a matsayin wa'adin sayar da sabuwar mota mai hayaƙi. Duk Baturen da ya sayi ta lantarki, tsohuwarsa ba ƙasa take shigewa ba. Jirgin ruwa take hawa, ta zama 'yar Beljiyam a Kaduna, ta ƙara shekara 15 ko 20 tana hayaƙi ba indomi. A littafin can an rubuta an rage, a sararin sama kuwa wuri kawai hayaƙin ya sauya, kuma saman ɗaya ce.

Sannan ga batirin. Kobalt da litiyam ma'adinai ne da ake yin sa da su. Kusan kashi 70 cikin 100 na kobalt ɗin duniya daga Kwango ake haƙo shi, an kuma sha nuna yara a ramukan. Litiyam yana nan a Nasarawa, an buɗe masana'antar sarrafa shi a 2024, mu ma nan Kaduna akwai wadda aka kafa a Kangimi cikin Igabi. Ni abin da ba na so shi ne dutsen ya fita daga ƙasarmu da arha, motar mai tsabta ta tafi wa wasu, mu a dawo mana da tsohuwar mai hayaƙi.

Baban Hanifa:
Allah ya yi miki albarka, 'yata, kin faɗi abin da na kasa tsarawa. Ƙari kuma, shi kansa alkawarin ya fara rawa. Carlos Tavares, shugaban Stellantis da ya kawo tsarin, ya ajiye aiki a Disambar 2024, kuma a 2025 shugabannin kamfanin suka fito suka ce burin lantarki zalla a Turai zuwa 2030 ba mai yiwuwa ba ne, saboda masu saye ba su taho da saurin da aka zata ba. Ban ce ba su yi komai ba, sun zuba kuɗi masu yawa, motocin kuma suna kan titi. Amma kamfani kasuwa yake bi da doka. Inda doka ta matsa, can yake gyarawa.

Direban Kawo:
To shi ne nake tambaya, don me za mu ɗora wa kanmu? Afirka gaba ɗayanta ba ta kai kashi 4 cikin 100 na kabon ɗin da duniya ke fitarwa ba. Su suka ɓata sama, su suka yi arziki da ita. Yanzu talakan da aka cire wa tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da 200 har ta taɓa haura 1,000, shi za a ce ya sayi motar miliyoyi don ya ceci duniya? Marigayi Buhari ya je taron sauyin yanayi na Glasgo a 2021 ya ce sai 2060 Najeriya za ta daidaita kabon ɗin da take fitarwa da wanda take kwashewa. To a bar mu mu kai 2060 ɗin.

Baban Hanifa:
Alhaji, ban musa maka ba a kan wanda ya ɓata. Amma zafin da muke sha a Maris da Afrilu, da ruwan da ke zuwa ba kan gado yana cin gidajen bakin kogin Kaduna, ba sa tambayar wa ya jawo. Kuma cire tallafin nan da ka ambata, ni shi ne ma babban dalilina. Ba don Turawa nake maganar ba, don aljihunmu ne da huhun 'ya'yanmu.

Mai Keke Rigasa:
Salam. Ni ƙaramin cikinku ne, amma maganar ta zo kaina. Daga tashar jirgin ƙasa ta Rigasa zuwa Bakin Ruwa zuwa kasuwa nake yini. Lita 6 zuwa 7 nake sha a rana, ga balas na mai keke, ga baƙin mai, ga fulogi. Wata rana in na cire kuɗin mai abin da ke saura ba ya kai cefane. Ni ba doguwar tafiya nake ba, kuma da dare keken a gida yake kwana. In akwai wanda zan yi wa caji ko in sauya batir kamar yadda ake sauya tukunyar gas, a ba ni bashi ina biya kullum, gobe zan karɓa. Wasu abokaina sun koma CNG, wato gas ɗin ababen hawa, sun ce da sauƙi, sai dai layin shan gas ɗin yakan cinye musu rabin yini.

Injiniya Mando:
Yawwa ƙanena, nan nake son zuwa. Kekenka batirinsa bai kai kashi ɗaya cikin biyar na motar gida ba. Rumfa guda mai sola a tasha za ta iya cika batura da rana a riƙa musanyawa, ba ruwanka da layin Shiroro in an sare shi. Rana kuwa Allah ya ba mu ita a Arewa. Kuma keke ɗaya da ke yini a titi ya fi motar gida da ke zuwa ofis ta dawo ƙona mai, don haka sauya shi ya fi rage hayaƙi, a daidai wurin da Hajiya ke kuka da shi.

Ba mafarki ba ne. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya zana Chevrolet Volt a Amurka, lokacin yana shugabancin hukumar ƙera motoci ta ƙasa ya buɗe tashar caji mai aiki da rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo a 2021. A Maiduguri Mustapha Gajibo ya fara da cire injin ƙananan bas yana sa musu batir, suna ɗaukar fasinja a cikin gari. Ita kanta Stellantis, a masana'antarta ta Kenitra a Maroko take ƙera Citroën Ami, 'yar ƙaramar motar lantarki da ba ta wuce gudun kilomita 45 a awa, kuma a 2025 ta fitar da mai ƙafa uku ta ɗaukar kaya da sunan Fiat, a Marokon dai. Ka ga ba wai ba su iya yi a Afirka ba ne. Maroko ta shirya musu wuri, ta kuma nemi a yi. In da za a tambaye ni abin da Kaduna za ta nema a wurinsu, ba e-208 ba ce. Keke ne da ƙaramar bas, a haɗa su a nan, da batirin da ake kira LFP, wanda ba kobalt a cikinsa kuma ya fi jure zafi.

Ɗalibar Poly:
Habasha ma ta hana shigo da motocin fetur da dizal tun 2024.

Injiniya Mando:
Haka ne, amma ita ta gina madatsar ruwa mai sama da megawat 5,000 a kan kogin Nilu. Mu in muka kwaikwayi hanin ba mu kwaikwayi wutar ba, Direba da irinsa za mu kashe wa sana'a. Bas ɗin CNG da gwamnatin jiha ta zuba a 2025 mataki ne, gas ya fi dizal tsabta nesa ba kusa ba wajen baƙin toka, sai dai kabon ɗinsa kaɗan ya ragu.

Direban Kawo:
In dai daga keke da bas na cikin gari za a fara, ba ni da ja. Ku dai bar mana babbar hanya tukuna.

Maman Sadiq:
Ni saura tambaya ɗaya. In batirin ya mutu ina za a kai shi? Ina ganin yadda yara ke fasa tsofaffin batiran mota da na sola da hannu, ruwan yana bin kwata. Ba mu manta Zamfara a 2010 ba, da gubar dalma daga dutsen zinare ta kashe yara sama da 400. Na san wannan daban ne, amma sakacin iri ɗaya ne. Kada a raba ɗana da hayaƙi a haɗa na wata da guba.

Baba Tsohon Kakuri:
Gaskiyarki, 'yata. Duk wanda zai kawo batir, a rubuta masa tun a takardar izini cewa shi zai karɓi mataccen. A zamaninmu kamfani bai sayar da mota ya juya baya ba, akwai makarantar koyar da gyara, akwai dillalan kayan gyara a kowane babban gari. Abin da ya sa Fijo ta zauna a ƙasar nan ke nan.

Makaniken Panteka:
Baba, maganar koyarwar nan ita ce tawa. Ba ma sai an jira ta lantarki zalla ba, masu haɗin batir da fetur irin su Prius sun riga sun fara shigowa garejinmu. Watan jiya aka kawo mini ɗaya, na fita sallar La'asar, na dawo na tarar da yarona ɗan shekara 16 ya ɗaga kujerar baya, sifana a hannunsa, yana shirin kwance wata waya mai ruwan lemo. Ban san ƙarfin wutar da ke ciki ba, jikina ne kawai ya ba ni na daka masa tsawa. Yara 9 ne a hannuna, iyayensu amana suka ba ni. Ko mai wayarin da muke kira, batir mai bolt 12 ya sani.

Injiniya Mando:
Innalillahi. Allah ne ya tsare, Oga. Wayar nan tana ɗauke da bolt 200 ko fiye, a ta lantarki zalla kuma wajen 400. Launin ruwan lemon gargaɗi ne. Akwai makulli na musamman a jikin batirin da ake fara zarewa, da safar hannu ta roba mai kauri, a jira mintuna kafin a taɓa komai, sannan a auna da mita a tabbatar. Kada ka bari kowa ya sake kusantarta. Motar tana nan?

Makaniken Panteka:
Tana nan, mai ita ya yi tafiya sai mako mai zuwa.

Injiniya Mando:
To ranar Asabar bayan Azahar zan shigo Panteka da safar da mita. Ka tara yaranka, ka kira mai wayarin, da duk maƙwabcin da ke so.

Ɗalibar Poly:
Injiniya, in an yarda zan zo da 'yan ajinmu uku.

Mai Keke Rigasa:
Ni zan ɗauko Baba daga Kakuri, in zai samu zuwa.

Baba Tsohon Kakuri:
Zan zo in Allah ya kai mu. Ka iso da wuri, ɗana, ƙafar sai a hankali.